Wa Ke Kwana a Bakin Iyaka? Waiwaye Kan Ganuwar Ƙaraye da Rogo

Wanda ya bi hanyar da ta taso daga Ƙaraye ta nufi Rogo, ya zarce Zarewa har ya leƙa ƙasar Zazzau, zai ga gonakin masara da dawa da rake, zai ga kwanon rufi yana ƙyalli a rana, zai ga ƙarafunan kamfanonin waya sun zarce kukoki tsawo. Abin da ba zai gani ba shi ne abin da matafiyin shekara ɗari da hamsin baya yake fara hangowa tun kafin ya ga gida ko rumfa, wato ganuwa. A tsofaffin garuruwan wannan yanki, inda duk ta yi saura ta koma ɗan tudu mai tsawo da awaki ke hawa. Wani wurin an ɗebe ƙasarta an yi tubali, wani wurin an baje an ja kunya an shuka gyaɗa, gwalalon da ya kewaye ta kuma ya cike da yashi da bola. Ba wanda ya yi shelar rushe ta. Damina ce ta riƙa cin ta kaɗan-kaɗan bayan an daina yi mata yaɓe, mutane suka ƙarasa abin da ruwa ya rage, kuma shekara da shekaru ba wanda abin ya dama. Sai a 'yan shekarun nan, da labarin masu garkuwa da mutane ya riƙa matsowa daga dazuzzukan Katsina da Kaduna, aka fara jin dattawa a majalisa suna cewa ai da a zamanin ganuwa ne, da ba a shigo wa mutum har ɗakinsa da tsakar dare ba. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma a ganina ta tsaya a kan tulin ƙasa ta manta da abin da ya sa tulin ya yi amfani. Ganuwa ta tsare mutane ne saboda mai iko da gari a cikinta yake kwana, da matansa da 'ya'yansa da rumbunansa, duk abin da ya sami talaka shi ma zai same shi. Wannan ne babban abin da ya ɓace, kuma ya fi ganuwar wuyar dawowa.

Ƙasar nan gefe ce tun asali. Rogo tana iyaka da jihar Katsina ta yamma da jihar Kaduna ta kudu, kuma iyakokin nan na zamani sawun tsofaffin iyakokin Kano da Katsina da Zazzau suka bi. Tsohon littafin tarihin sarakunan Kano ya kawo labarin Wambai Giwa a zamanin Sarki Muhammadu Nazaki, wanda ya yi mulki daga 1618 zuwa 1623. Wambai ya faɗaɗa ganuwar birnin Kano, sannan ya tattara ya koma Ƙaraye da zama, yana gwabzawa da Katsinawa yana kwaso ganima, har ya tara dawaki da 'yan lifidi masu ɗimbin yawa. Daga baya aka kira shi birni aka tuɓe shi, ya koma Ƙaraye, can ya rasu. Labarin gajere ne, amma ya nuna cewa tun shekara ɗari huɗu da suka wuce Kano ta san ba a tsaron yammacinta daga cikin fada, sai an sami wani babba ya je ya tare. Ya kuma nuna wani hali na masu mulki da har yau bai canja ba: suna son bakin iyaka ya yi ƙarfi, suna kuma tsoron mutumin da ya ƙarfafa shi.

Bayan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya fara a 1804 ya ci Kano a 1807, abokan gaba suka canja amma iyakar tana nan. Sarakunan Katsina da aka kora suka kafa Maraɗi, Gobirawa suka tare a Tsibiri, kuma har ƙarshen ƙarnin mahayansu ba su daina ratsa dazuzzukan ƙasar Katsina suna faɗa wa garuruwan daular da jihadin ya kafa ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya riƙi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya ga cewa fita yaƙi da rani a dawo gida da damina ba zai kawo ƙarshen abin ba. Sai ya ɗauko tsarin ribaɗi, wanda Musulmi suka daɗe da sani tun daga gaɓar tekun Tunisiya har Andalus. A kafa gari mai ganuwa a kan hanyar maharan, a zaunar da mayaƙa da iyalansu, a gina masallacin Juma'a, a kawo malamai da alƙali, a jawo maƙera da masaƙa da marina, a lallashi Fulani makiyaya su zauna wuri ɗaya su yi karatu su yi kiwon dawaki. Ya ɗora 'ya'yansa da danginsa a kan irin waɗannan garuruwa, shi kansa kuma ya bar Sakkwato ya zauna a ribaɗinsa na Wurno, inda ya rasu aka binne shi. A Kano, Sarki Ibrahim Dabo ya yi haka a Fanisau lokacin da yake fama da Ɗan Tunku ta arewa, kuma can Baturen nan Kilafaton ya same shi a 1824. Ta kudu maso gabas aka ƙarfafa garuruwa irin su Takai saboda Ningawa. Ta yamma kuwa Ƙaraye da Gwarzo ne manyan garkuwar Kano. Da yawa cikin hakiman wancan zamani a birni suke zaune, jakadu ke karɓo musu haraji daga ƙauyuka, amma Sarkin Ƙaraye, kamar na Rano da Gaya da Dutse, a garinsa yake, da tamburansa da dakarunsa.

Ya kamata a tsaya a dubi yadda ganuwar kanta take rayuwa, domin gini ne mai bukatar ciyarwa duk shekara. Idan kaka ta wuce, amfanin gona ya shiga rumbu, ƙasa ta fara bushewa, sai sarkin gari ya sa a yi shela. Kowace unguwa, da kowane ƙauyen da ke gudowa garin in an yi ƙararrawa, yana da yankinsa na ganuwa da zai gyara, kuma kowa ya san daga ina nasa ya fara, ina ya tsaya. Samari su haƙo jar ƙasa, su kwaɓa ta da ƙafa har ta yi danƙo, mata da yara su yi ta jigilar ruwa a tuluna, magina su jera mulmulallen tubali su bi shi da yaɓe, makaɗa suna zuga wanda ya gaji. Gindin ginin faffaɗa ne, yana tsukewa yayin da yake hawa, ta ciki kuma akwai matakalar da 'yan baka za su tsaya su hango waje. Ramin da aka haƙo ƙasar daga cikinsa shi ke zama gwalalo, a bar sarƙaƙiya ta cika shi yadda doki ba zai iya ratsawa ba. Ƙofa matsattsiya ce da gangan, mahayi ɗaya ko biyu ne za su wuce a lokaci guda. Ba a cika gari da gidaje ba, akan bar fili na noma da kududdufai a ciki saboda ranar da za a rufe ƙofa kwana da kwanaki. Da la'asar sakaliya sai hanya ta cika: shanu suna tayar da ƙura, mata ɗauke da itace, fatake suna gaggauta jakunansu, hayaƙin tuwon dare yana tasowa ta bayan bango, sarkin ƙofa yana tsaye yana duban fuskar kowa, domin ya san ɗan gari ya san baƙo. In ya jawo ƙyauren ya danna sakata, wanda ya makara sai haƙuri. Ƙauyen da ba shi da ƙarfin gina ganuwa kuwa sai ya kafa itatuwa ya kewaye kansa, kuma sunaye irin su Kafin Dafga a ƙasar Ƙaraye da Kafin Maiyaƙi a ƙasar Ƙiru suna nan suna shaidar haka. Duk wannan aiki ba ya yiwuwa sai da mutumin da zai iya kiran gayya a amsa masa, wanda kuma shi ne farkon wanda za a yanka in bangon ya tsage.

Ba mu kaɗai ne muka taɓa haɗa wurin ibada da sansanin yaƙi a bakin iyaka ba. A ƙarni na 18, Sifaniyawa da ke mulkin Meziko sun bi irin wannan hanya a arewacin mallakarsu, inda yau ake kira Teksas da Kalifoniya a Amurka. Sukan gina gidan mishan, inda limaman coci za su tara 'yan asalin ƙasar su koya musu Kiristanci da noma da sana'a, kusa da shi kuma su gina barikin soja. Wurare biyu a Teksas sun isa misali. A San Antoniyo an kafa mishan da bariki a 1718, a 1731 aka kawo iyalai fararen hula daga tsibiran Kanari, aka haƙa magudanan ruwa daga kogi zuwa gonaki, mishan ya ƙaru har biyar. Soja da manomi da limami suka zama maƙwabta, suna shan ruwa ɗaya, kuma wurin ya rayu har ya zama birnin da ya haura mutum miliyan ɗaya, a 2015 ma UNESCO ta sa gine-ginen cikin kayan tarihin duniya. A San Saba kuwa, wanda aka kafa a 1757 domin ƙabilar Apaci, limaman ba su so sojoji su raɓi waɗanda suke wa wa'azi, don haka aka gina barikin da tazarar 'yan kilomitoci, da kogi a tsakani. Apacin ba su zauna ba. A watan Maris na 1758 mayaƙan Komanci da ƙawayensu, kimanin dubu biyu, suka auka wa mishan ɗin suka ƙone shi, suka kashe limamai biyu da wasu mutane, sojojin da aka ajiye domin tsaronsa kuma ba su iya ceton sa ba. Akwai bango a San Saba, akwai bindigogi, akwai kwamanda mai albashi. Mai tsaro da wanda ake tsarewa ne ba sa kwana wuri ɗaya.

Wani zai ce wannan kwatance bai dace ba, domin Sifaniyawa baƙi ne da suka tsallako teku suka ƙwace ƙasar wasu, ribaɗi kuwa 'yan ƙasa ne suka gina shi a ƙasarsu. Gaskiya ne, kuma bambancin ba ƙarami ba ne. Waɗanda aka tara a gidajen mishan sun rasa harshensu da al'adunsu, cututtukan da baƙin suka zo da su sun yi musu kisan kiyashi, wanda ya gudu kuma soja ke bin sa ya dawo da shi. A yammacin Kano ba haka aka yi da maƙwabtan da ba Musulmi ba. Maguzawan ƙasar Ƙaraye da Rogo da Gwarzo sun ci gaba da zama a gidajensu na gona, suna biyan jiziya, suna kawo hatsi kasuwa, da addininsu na gargajiya har cikin ƙarni na 20, lokacin da da yawansu suka musulunta wasu kuma suka shiga Kiristanci. Amma kada wannan ya sa mu wanke kanmu tas. Inda tsare-tsaren biyu suka haɗu shi ne dukansu a kan gumin waɗanda ba su da ikon cewa a'a suka tsayu. Binciken da masanin tarihi Mohammed Bashir Salau ya yi a kan Fanisau ya nuna yadda ribaɗin ya zama cibiyar gandayen sarki da bayi ke nomawa. Hatsin da ke ciyar da dokin barde, bawa ne ya noma shi, kuma shi ma bawan daga wani gari aka kamo shi, garin da tasa ganuwar ta gaza.

A nan ƙasar Rogo tana da shaidar da ba kowace ƙasa ke da irinta ba. Baba, wadda Mary Smith ta rubuta labarin rayuwarta daga bakinta tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi a 1954 da sunan Baba of Karo, 'yar Karo ce, wani ƙauye a gefen Zarewa. Ta yi ƙuruciyarta a ƙarshen zamanin ganuwa, kuma abin da ta tuna ba zaman lafiya ba ne. Ta ba da labarin yadda ganga ke sanar da mutanen ƙauye cewa mahara sun taso, a kwashi yara da abin da hannu zai iya ɗauka a ruga cikin Zarewa. Ta faɗi yadda aka kama mata da yara cikin danginta, aka yi ta bin sawu ana tara wuri domin fansa. Mai karatun yau zai ji tsigar jikinsa ta tashi, domin ciniki ne irin wanda ake yi yanzu ta waya, wuri ne kawai ya koma naira. Abu biyu a labarin nata sun hana mu kwantar da kai a kan daɗin jiya. Na farko, maharan da ta fi ambata mutanen Mai Sudan ne, wato Ibrahim Nagwamatse na Kwantagora, jikan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku. Ke nan a ƙarshen ƙarnin, wanda aka gina ganuwa saboda shi ba lallai ne ya zama Bamaraɗe ko Baningi ba, yana iya fitowa daga cikin gidan daular. Na biyu, dangin Baba da ke kukan an sace musu mutane su ma suna da rinji cike da bayi, kuma ba ta ɓoye ba. Hausawa na cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Mai tuna ganuwa da sha'awa ya tambayi kansa a wane gefenta kakansa yake kwana, a matsayin wa kuma.

Ƙarshen amfanin ganuwa a matsayin makami ya zo ne a gabas da Ƙaraye kaɗan. A ƙarshen Janairun 1903 rundunar Turawan Ingila ƙarƙashin Kanar Molan ta taso daga Zariya. A Bebeji mutanen gari suka rufe ƙofa suka tsaya, igwa ta farfasa ƙofar, ranar 3 ga Fabrairu kuma birnin Kano da kansa ya faɗi. Bayan haka ba a ƙara kiran gayyar yaɓe da gaske ba, kuma sai a faɗi gaskiya, talaka bai yi kuka ba. Harin bayi ya tsaya. Dokar Turawa ta ce duk yaron da aka haifa daga Afrilun 1901 ɗa ne, a 1936 kuma aka haramta bautar gaba ɗaya a Arewa. Bayin rinji suka watse, wasu suka nemi garuruwansu, iyayen gijinsu suka ɗauki fartanya da kansu. Manomin da a da ba ya iya nisa da ƙofar gari fiye da inda zai ji ganga, yanzu ya shiga daji ya yi sabon gida a tsakiyar gonarsa, kuma yawancin ƙananan unguwannin da suka bazu a ƙasar Rogo 'ya'yan wannan sakewa ne. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa da auduga suka sami kasuwa, mace ta iya zuwa ganin gida a wani gari ba tare da rakiyar masu baka ba. Madatsar ruwan Challawa da aka kammala a ƙasar Ƙaraye a 1992, da noman rani da kamun kifin da ta kawo, ba abin da za a yi tunaninsa ba ne a ƙasar da ake rufe ƙofa da magariba. Ba ina yabon mulkin mallaka ba ne, wanda ya zo da nasa harajin da aikin tilas da wulaƙanci. Ina cewa ne kwanciyar ganuwa alama ce ta cewa mutane sun sami abin da ya fi ta, kuma duk al'ummar da ta koma marmarin bango, wani abu ne ya lalace mata.

Abin da ya lalace ya daɗe yana lalacewa, a hankali, kamar yadda ganuwar ta yi. Turawa da kansu, saboda haraji, sun tilasta wa hakiman da ke zaune a birni su fita su tare a gundumominsu, har zuwa shekarun 1960 kuma hakimi yana da 'yan doka, alƙali yana kusa, mai unguwa ya san duk baƙon da ya kwana a unguwarsa domin sai an kai shi gabansa. An yi zalunci da wannan iko, shi ya sa 'yan jam'iyyar NEPU suka yaƙe shi, kuma suna da hujja. A ƙarshen shekarun 1960 aka karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa sauran. Niyyar ita ce iko ya koma hannun zaɓaɓɓu, waɗanda jama'a za su iya tuhuma. Rogo ta sami ƙaramar hukumarta a 1996. A 2019 aka ɗaga Ƙaraye ta zama masarauta mai daraja ta ɗaya, a 2024 aka soke dokar, aka mayar da ita mai daraja ta biyu da ta ƙunshi Ƙaraye da Rogo. Ofisoshi sun ƙaru, muƙamai sun ƙaru, an yi ta jayayya a kan sanda da rawani. Amma a yau wanda ke zaune a gari ba shi da iko, mai ikon kuma sau da yawa ba ya zaune a gari. Ba ɓoyayyen abu ba ne a ƙananan hukumomin karkara da dama cewa manyan ma'aikata da zaɓaɓɓu a birni iyalansu suke, su zo da hantsi su koma kafin la'asar. Jami'in tsaro daga nesa ake turo shi, kafin ya san hanyoyin daji an sauya masa wurin aiki, umarninsa kuma daga sama yake zuwa. Dagaci ya san wanda ke kai wa ɓarayi burodi da fetur, amma in ya faɗa, shi zai kwana a ƙauyen ba tare da ko sanda ba.

Masu cewa a koma ga bango suna da abin nunawa, ban musa ba. A Borno an haƙa ramuka an kewaye garuruwa irin su Bama da Monguno, kuma ramukan sun ceci rayuka. Sai dai sun dawo da tsohuwar matsalar da Baba ta sani: gona tana waje. A ranar 28 ga Nuwamban 2020 an yi wa manoman shinkafa na Zabarmari yankan rago a gonakinsu, aka binne mutum 43 a rana ɗaya. Makonni biyu bayan haka aka kwashi ɗalibai sama da 300 a makarantar Ƙanƙara, wadda ba ta da nisan a zo a gani daga yammacin Kano. Ƙasar da mutanenta suka ninka na da sau da yawa, suka bazu a ɗaruruwan unguwanni, ba ta kewayuwa da rami, kuma in an matsa sai an yi, to an yarda ke nan a bar wa ɓarayi gonaki da dare. Wasu kuma suna cewa ai maganin shi ne 'yan gari su ɗauki makami, tunda su ne ke kwana a wurin. Jihar Katsina ta kafa rundunar tsaron al'umma a Oktoban 2023 bisa wannan tunani, kuma akwai hikima a ciki. Amma abin da ya faru a Zamfara ya isa gargaɗi, inda 'yan sa-kai marasa linzami suka riƙa kashe Fulani a kasuwa bisa zato, ramuwar gayya ta mayar da satar shanu yaƙin ƙabilanci. Mayaƙin ribaɗi yana ƙarƙashin sarkin da ke ƙarƙashin alƙali, aƙalla a ƙa'ida, manufar Bello kuma ita ce a jawo makiyayi cikin gari a ba shi unguwa da makaranta. Bindiga a hannun ɗan gari ba tare da hukuma a kusa da shi ba rabin tsarin ne, kuma rabin da ya fi haɗari.

Akwai wata suka da ta fi waɗannan nauyi, ita ce zaman shugaba a gari ba ya tare harsashi, kuma a zamanin waya da mota mutum yana iya gudanar da aiki daga ko'ina. Haka ne, ba ya tarewa. Abin da yake canjawa shi ne saurin jin labari da zafin ɗaukar mataki. Wanda 'yarsa ke makarantar kwana ta garin ba sai an rubuta masa takarda a kan katangar da ta rushe ba. Wanda matarsa za ta haihu a asibitin garin ya san ko akwai wuta da dare. Wanda ke sallar asuba a masallacin unguwa zai ji maganar baƙin baburan da aka gani a bakin rafi tun kafin ta zama rahoto. Kuma maharan kansu suna lissafi: sun san garin da in an taɓa shi za a motsa nan take, sun san wanda sai gari ya waye za a zo jaje. Na yarda cewa shugaban da ke zaune a gari yana iya zama azzalumi, ganimar da Wambai Giwa ya tara ma ƙauyukan wasu aka ƙona aka samo ta. Amma yanzu muna da abin da mutanen wancan zamani ba su da shi, wato ƙuri'a da kotu da rediyo, kuma duk sun fi tasiri a kan mutumin da ake gani kullum a kasuwa fiye da wanda sai a allon talla ake ganin fuskarsa.

Saura abin da ya rage na ginin kansa. Masarautar Ƙaraye da ƙananan hukumomin biyu suna iya sa a bi tsofaffin garuruwa a auna inda ganuwa ta bi, a rubuta sunayen ƙofofi, a kafa alama a hana ɗibar ƙasa a ɗan abin da ya saura, tun kafin masu awon filaye su gama da shi. Jami'ar Bayero tana da sashen tarihi, ɗalibanta kuma suna neman abin bincike, ga tsofaffi a Zarewa da Beli da Fulatan waɗanda suka ji labarin hari daga bakin kakanninsu da suka gani da ido. A ɗauki muryoyinsu, har da na zuriyar bayin rinji da na Maguzawa, kada a tsaya a gidajen sarauta kaɗai. Ku kuma mutanen Rogo da Ƙaraye, idan masu neman kujera suka zo da alkawarin rijiya da taki, ku ƙara musu da tambaya ɗaya a gaban jama'a: in an zaɓe ka, a wane gari iyalinka za su zauna?